Da oksijin ko babu shi: yadda ƙwayar halitta ke cin gulukos

Ƙwayar halitta, wato ɗan ƙanƙanin tubalin da ya gina jiki, na samun kuzari daga gulukos, sukarin da ke cikin jini, ta hanyoyi biyu: da oksijin ko babu shi. Hanyoyin biyu tushensu ɗaya. A cikin ruwan ƙwayar halitta ake fara raba gulukos gida biyu, a samu ribar ATP 2, wato sinadarin da jiki ke kashewa tamkar kuɗi duk lokacin da zai yi aiki. Daga nan ne suke rabuwa.

In akwai oksijin, gutsattsarin nan biyu sukan shiga mitokondiriya, wasu ƙananan sassa a cikin ƙwayar da ke samar da kuzari, su bi ta zagayen sauye-sauyen sinadarai da masanin kimiyya Hans Krebs ya bayyana a 1937, a tatse su sarai har sai ruwa da iskar kabon da muke fitarwa ne kawai suka rage. Gulukos guda kan ba da ATP kusan 30 zuwa 32. Sai dai abin na tafiya a hankali, kuma dole huhu da jini su yi ta kawo iska.

In oksijin ya yi ƙaranci, kamar ga mai tseren mita 400, tsoka takan ƙara dogaro da matakin farko, ta mayar da gutsattsarin su zama wani sinadari da ake kira laktet, hanta kuma ta sake mayar da shi gulukos daga baya. ATP 2 kacal! Asara ce babba, amma ga sauri. Ni ban raina wannan hanya ba: jajayen ƙwayoyin jini ba su da mitokondiriya, da ita kaɗai suke rayuwa. Irinta ce ma ke tsamar da madara ta zama nono, yis kuma ya kumbura ƙullun waina.