Lambar girman da aka kai wa mai dafa wa tsofaffi abinci har unguwarsu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Kullum abin da ake tambayar mu mazauna Ingila shi ne kuɗin haya da farashin shinkafa da yadda asibiti yake. Yau wani abu daban na kawo muku, wanda na gani a wani ɗan zauren taro na unguwa a arewacin ƙasar, har yanzu kuma bai bar raina ba.

Zauren ba wani abin kallo ba ne. Kujerun roba ne, da tebur biyu, da babbar butar shayi a kusurwa. A sahun gaba wata tsohuwa ce zaune, ta haura shekara tamanin, sandarta jingine da gwiwa, yatsunta duk sun lanƙwashe saboda ciwon gaɓɓai. Shekara talatin ke nan duk ranar Talata tana dafa wa tsofaffin unguwar abincin rana a ɗakin girkin da ke bayan zauren, ba a taɓa biyan ta ko sisi ba. An ce taron ƙarfe biyu ne, ƙarfe biyu kuwa aka fara. Wani dattijo ya shigo cikin kaki irin na soja, ya ɗauki takarda ya karanta: shekarar da ta fara, mutum nawa ke cin abincinta a mako, yadda ta bi gida gida ta tara kuɗin sabon murhu lokacin da tsohon ya mutu, da yadda take aika a duba duk wanda kujerarsa ta kwana biyu babu kowa. Ya gama ya sunkuya, domin ba ta iya miƙewa da sauri, ya maƙala mata lambar azurfa a ƙirji. Babu maroƙi, babu liƙi, babu jiran babban baƙo na awa uku, babu wani ɗan siyasa da ya karɓe lasifika. Minti ashirin aka gama, aka zuba shayi.

Wannan dattijo shi ne wakilin Sarkin Ingila a lardin, wanda suke kira Lod Laftana. Kowane lardi yana da nasa, shi kansa ba albashi yake karɓa ba, kuma yana sauka idan ya cika shekara 75. Lambar kuwa ita ce BEM, wato Lambar Daular Birtaniya (British Empire Medal), wadda aka daina bayarwa a farkon shekarun 1990, sannan aka dawo da ita a 2012, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta cika shekara sittin a kan mulki, musamman domin irin waɗannan mutane masu aiki da hannunsu a cikin unguwa. Azurfa ce, rataye da ɗan ƙyalle ruwan hoda mai bakin toka, an sassaƙa sunan mai ita a gefe. Ba ta zuwa da kuɗi, ba fili, ba mota, ba kujerar Makka. Abin da ke biyo bayanta shi ne gayyatar shan shayi a lambun fadar Sarki, da izinin rubuta haruffan uku a bayan suna.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar da sunan matar ya bi har ya isa gaban Sarki, domin nan ne bambancinmu da su yake. Kowa yana iya gabatar da sunan wani, ba sai mai muƙami ba, kuma kyauta ne. Abin da aka hana kawai shi ne mutum ya gabatar da kansa. Ana cike fom a shafin gwamnati na intanet, a haɗa da wasiƙun shaida aƙalla guda biyu daga mutanen da suka ga aikin da idonsu. Ana so a yi shi a ɓoye, kada wanda ake nema wa ya sani, don kada a sa masa rai abin ya zo bai yiwu ba. Mai gabatarwa ba shi ke zaɓar irin lambar ba, ko BEM ce ko MBE ko OBE waɗanda suke sama da ita, wannan aikin kwamiti ne. Akwai kwamiti na musamman da ke duba masu aikin sa kai, yawancin 'yan cikinsa ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Daga nan sai babban kwamiti, sai Firaminista, sai Sarki. Kafin a kai nan ana tambayar 'yan sanda ko mutum yana da tabo, ana tambayar hukumar haraji ko yana biya. Idan komai ya tafi daidai sai a aiko masa wasiƙa a asirce, a tambaye shi ko ya yarda. Sunaye suna fita sau biyu a shekara, lokacin sabuwar shekara da kuma watan Yuni, kowane jeri yana ɗauke da mutum sama da dubu. Ko bayan an ba mutum, idan ya aikata abin kunya akwai kwamitin da ke karɓe lambar.

Inda mutane suke faɗuwa kuwa sananne ne. Na farko shi ne yabo marar hujja. A rubuta cewa mutumiyar kirki ce, uwar marayu, kowa nata ne, wannan duk ba ya motsa kwamiti ko kaɗan. Suna son a ce a wace shekara ta fara, awa nawa take yi a mako, me ya canza a unguwar saboda ita, me zai tsaya idan ta daina. Daɗewa a kan aiki kaɗai ma bai isa ba, sai an nuna abin da ya haifar. Na biyu shi ne jinkiri. Dole a gabatar da mutum yana kan aikin, kuma ba a ba mamaci wannan lamba, alhali takardun suna ɗaukar shekara guda zuwa biyu suna yawo. Idan tsoho ya kai tamanin da biyar kafin a tuna da shi, shekara biyu ba ƙaramin lokaci ba ne, kuma wannan yana daga cikin abin da ke ba ni haushi da tsarin. Ka aika takarda, a amsa maka da layi biyu cewa an karɓa, daga nan shiru, ba wanda za ka je ofishinsa ka tambaya.

Haushi na biyu shi ne sunan lambar kansa. Har yau tana ɗauke da sunan Daular Birtaniya, a jikinta an rubuta cewa don Allah da Daula. Wanda kakanninsa suka ga yaƙin Turawa na 1903 a Kano da Sakkwato da Burmi ba zai karanta wannan ransa ya yi sanyi ba. Akwai waɗanda suka ƙi karɓa saboda haka, kamar marubucin waƙoƙi Benjamin Zephaniah da ya ƙi karɓar OBE a 2003 ya kuma faɗi dalilinsa a fili. Ban ga laifin wanda ya ƙi ba, ban kuma ga laifin tsohuwar da ta karɓa tana hawaye ba.

Kafin a kai ga lamba, aikin sa kan ma kansa a nan cike yake da takardu. Tsohon da zai yi aiki da yara ko marasa ƙarfi sai an yi masa binciken da ake kira DBS, wato a duba ko yana da tarihin aikata laifi, kyauta ne ga masu sa kai, amma yakan ɗauki makonni, wani har ya huce ya fasa. Mai girki irin waccan mata akan so ta sami takardar shaidar tsaftar abinci, ta san abubuwa 14 da doka ta ce a faɗa wa masu ci saboda ba kowane jiki ke karɓarsu ba, irin su gyaɗa da riɗi da ƙwai da madara, ta riƙe abinci mai zafi a kan maki 63 na ma'aunin Celsius ko fiye, firji kuma kada ya wuce maki 8. Wanda zai riƙa kai marasa lafiya asibiti a motarsa akan so ya sanar da kamfanin inshora. Ana mayar wa mutum kuɗin man da ya ƙona da na bas idan ya kawo rasit, amma ba a yi masa ihsani a kai. Dalili shi ne da zarar an ba shi fiye da abin da ya kashe, doka tana iya ɗaukarsa ma'aikaci, sai maganar mafi ƙarancin albashi da haraji ta taso. Ga wanda ya taso inda ake kiran gayya da asuba a gama rufin ɗaki kafin azahar, wannan duk gajiya ce. Sai dai waɗannan takardu masu gajiyarwa su ne suka zama shaida ranar da aka tashi rubuta wa kwamiti. Littafin da matar take sa hannu duk Talata shi ya yi mata magana.

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada da aka keɓe wa tsofaffi kawai. Duk ranar Alhamis ta kafin Ista, Sarki yana zuwa wata babbar majami'a ya raba kyauta ga dattawa waɗanda suka yi wa coci da jama'a hidima. Yawan maza daidai da shekarun Sarki, yawan mata ma haka. A 2025 a Durham aka yi, maza 76 da mata 76. Kowa ana miƙa masa 'yan jakunkuna biyu na fata. Fara tana ɗauke da ƙananan tsabar azurfa na kwabo ɗaya da biyu da uku da huɗu waɗanda jimillarsu ta yi daidai da shekarun Sarki, ja kuma fam biyar da rabi. Kuɗin ko abincin rana ba zai saya maka a Landan ba, amma ba wanda ke kashewa, ajiye wa jikoki ake yi. Wannan ta Kirista ce. Sauran lambobin kuwa na kowa ne: Dabirul Islam Choudhury, ɗan asalin Bangaladash mai shekara 100, ya yi ta zagaya lambun gidajensu a gabashin Landan yana azumin Ramadan na 2020, ya tara sama da fam 420,000 don waɗanda korona ta shafa, aka ba shi OBE a wannan shekarar.

Kada wani ya ɗauka tsofaffin nan suna cikin aljanna ne. Da yawa daga masu zuwa cin abincin Talata ba yunwa ke kawo su ba, maganar mutum suke zuwa ji, domin wani daga Talata zuwa Talata ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Abin ya kai a 2018 sai da gwamnati ta ɗora wa wata minista alhakin yaƙi da kaɗaici. Idan na ga haka sai in tuna zaure a gida bayan la'asar, tsoho a kan buzu, yara suna durƙusawa suna gaishe shi, maƙwabciya ta aiko da koko da ƙosai ba tare da an cike fom ba. Wannan mun fi su, nesa ba kusa ba. Su kuma abin da suka fi mu shi ne fansho yana shiga a kan lokaci, akwai katin hawa bas kyauta ga wanda ya kai shekarun ritaya, magani kyauta ga wanda ya kai sittin. Ciki a ƙoshe, sa kai ba ya wuya. Namu tsofaffin suna yi ne alhali wani yana bin bashin fansho na watanni, yana bin layin tantancewa a rana.

Shi ya sa abin yake yi mini zafi. A wace unguwa ce babu dattijon da ya shekara arba'in yana haƙa kabari yana share maƙabarta, gwiwoyinsa sun ƙare a cikin rami? Ga Inna mai wankan gawa da ake tayarwa ƙarfe uku na dare, ga ungozomar da rabin unguwa a hannunta aka yanke musu cibiya, ga ladanin da bai taɓa makara ba, ga tsofaffin 'yan agaji masu tsayuwa a rana ranar idi. Wa ya taɓa rubuta shekarar da suka fara? Allon karramawa a wurinmu mai kuɗi ake kai wa, a otal, bayan ya sayi tebur, ga gwanin magana yana jero masa kirari. Talaka kuwa sai ranar jana'izarsa a ce ai Malam mutumin kirki ne, a watse. Ba na cewa ba a taɓa dacewa ba. Limamin nan na yankin Barikin Ladi, Malam Abubakar Abdullahi, wanda ya ɓoye Kiristoci sama da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa a rikicin 2018, ya sami lambar ƙasa ta MON a 2022. Amma a lura, sai da Amurka ta fara karrama shi a 2019.

Na san abin da wasu za su ce, cewa aikin Allah ba a tallarsa, kada a ɓata wa bayin Allah ladansu da riya. Riya ai a kan mai aikin take idan shi ya nema. Godiya kuwa a kanmu take, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Tsarin da na bayyana ma ya rufe wannan ƙofa, tunda mutum ba ya nema wa kansa, bai ma san ana yi ba. Ba sai an jira Abuja ba. Kwamitin masallaci ko mai unguwa yana iya sayen littafi guda, a rubuta suna da aiki da shekarar farawa, a sami shaidu biyu da ba dangi ba, a hana duk mai riƙe da muƙami shiga, a hana sayen kujera. Ranar hawan salla hakimi ya kira sunan mutum biyar a gaban jama'a. Mu kam a haɗa da buhun hatsi da kuɗin magani, domin tsohonmu ba shi da fanshon Bature.

Mu ma mazauna nan ban cire mu ba. A masallatan Landan da Manchester da Birmingham akwai iyayenmu mata da suka shekara ashirin suna wanke gawa, suna dafa buɗa-baki, suna raka sababbin zuwa asibiti suna yi musu tafinta, kuma mun fi kowa sanin su. Ba sai mutum yana da fasfon Birtaniya ake karrama shi ba, fom ɗin kuma ba shi da ranar rufewa, kowane lokaci ana karɓa. Wanda zai yi ya fara da tambayar limami da tsofaffin 'yan kwamiti shekarar da Hajiya ta fara, ya nemi takardun jana'izar da ta yi wa hidima, sannan ya sami wasiƙa ɗaya daga wajen masallaci, ko ta likita ko ta kansila, domin kwamiti ya fi natsuwa idan shaidun ba daga gida ɗaya suka fito ba.