Robar abinci mai murfi don renon 'ya'yan kunama: ta yi, amma da gyara

Ƙananan robobin zuba abinci masu haske da ake sayarwa a Babbar Kasuwar Sakkwato sun dace da wannan aiki. Jikinsu santsi ne, kunama ba ta iya hawa, kuma ana ganin ciki ba sai an buɗe ba.

Matsalarsu rashin shigar iska. Sai an huda murfin da allura mai zafi, ƙananan huji kamar goma, kada su kai girman da kiyashi zai shiga ya cinye 'yar kunamar. A zuba yashi santimita 2, a kifa tsingaro ya zama maɓoya.

Kada a raba 'ya'yan da bayan uwa sai sun yi saɓar farko sun sauko da kansu. Daga nan kowace da robarta, don suna cin junansu. Abincinsu gara ko ɗan gyare, sau biyu a mako.

Da hunturu robar na bushewa, saɓa ta maƙale, 'yar ta mutu. A riƙa ɗiga ruwa a kusurwa ɗaya kawai. Zafin Afrilu kuwa, da ke wuce digiri 40, yana dafa su idan rana ta taɓa robar. Murfin yana tsagewa da wuri, a sayi ƙari. A riƙa ɗaukar 'yar kunamar da dogon hantsaki, don ita ma tana harbi.