Kafsul ɗin probiotic na ƙashi da na saya a Jidda, ra'ayina

Salamu alaikum Hajiyoyi, musamman ku da al'ada ta ɗauke muku kamar ni. Ciwon baya ne ya kai ni mustashfa a nan Jidda, duktura ta tura ni hoton ƙashi da ake kira DEXA, sakamako ya fito tsakanin -1 da -2.5, ya'ni ƙashin ya fara rauni amma bai kai hashasha ba, cutar zaizayar ƙashi ke nan, sai ya kai -2.5 ko ya wuce ake kiransa haka. Ta ce idan jini ya ɗauke sinadarin estrojin yana sauka, shi kuwa shi ke hana ƙashi zaizayewa, shi yasa shekarun farko aka fi asara. Bitamin D ɗina ma ƙasa yake, abin dariya, ga rana kamar wuta amma kullum muna ɗaki cikin mukayyif, ya'ni na'urar sanyaya ɗaki.

Ɗiyata ce ta samo min kafsul ɗin probiotic, ya'ni na bakteriya masu amfani ga hanji, mai ɗauke da bakteriyar Lactobacillus reuteri 6475. Na fara mata dariya ne, me ya haɗa hanji da ƙashi? To ashe bakteriya masu amfani na hanji idan suka ci abinci mai harza irin wake, albasa, kuɓewa, suna fitar da wasu sinadarai da ke taimaka wa jiki tsotsar kalsiyam kuma su rage kumburin da ke cinye ƙashi a ɓoye. An gwada wannan irin a Suwidin, aka fitar da sakamako a 2018, mata 90 'yan shekara 75 zuwa 80, rabinsu suka yi shekara guda suna sha, asarar ƙashinsu ta zo kusan rabin ta waɗanda ba su sha ba. Ku lura fa, rage asara aka ce, ba a ce ƙashi ya dawo ba, kuma mata 90 ba yawa ba ne.

A jikina dai, satin farko kumburin ciki da iska sai da na kusa ajiye shi wallahi, daga baya ya lafa, bayan gida ya daidaita, wannan kam na gani da idona. Ƙashi kuwa duk wadda ta ce miki ta ji ƙashinta ya yi ƙarfi bayan wata biyu tana faɗa ne kawai, sai an maimaita hoto, duktura ta ce nan da shekara ɗaya zuwa biyu.

Kuɗinsa ne matsala, kwalba na wata guda ne kacal, kuma bai son zafin nan, kar ki bar shi a mota. Laban da zabadi, ya'ni nono da kindirmo, sun fi araha nesa ba kusa ba kuma su ke da kalsiyam ɗin da ake so mu samu wajen miligiram 1200 a rana, sai dai ba lallai irin bakteriyar ɗaya ba ce. Ni ina haɗawa, da ful da tahina da safe, da bitamin D ɗin da aka rubuta min, da tafiya a bakin teku, Kornish, bayan isha'i. Kafsul ɗin dai, maki uku cikin biyar na ba shi. Mai shan antibayotik ta ba da tazarar awa biyu tsakaninsu.