Dirhamin Fartiya da na saya: azurfa ce, amma ba wanda na gani a hoto ba

Wata huɗu ina tara kuɗi saboda sulen nan guda ɗaya. Na ƙarnin Sarki Bologases na shida ne, cikin sarakunan ƙarshe na daular Fartiya da ta mulki Iran tun shekara ta 247 kafin haihuwar Annabi Isa har ta faɗi a 224 bayanta. Wanda ya sayar mini dillalin tsofaffin kuɗi ne a Turai, kuma naɗin kayansa ba laifi.

Da na buɗe sai gabana ya faɗi. Fuskar sarkin tana nan, ga dogon gemu mai tsini, ga hular sarauta irin ta Iraniyawa. A baya kuma maharbin nan ne zaune riƙe da baka, wanda ake cewa Arsakes ne, kakan gidan. Amma rubutun Girkancin da ya kewaye shi, kai ka ce kaza ce ta yi tonon ƙasa. Ko harafi biyar ban iya haɗawa ba. Na ce shi ke nan, an sayar mini da jabu.

Na rubuta wa mutumin da zafi. Ya amsa cikin natsuwa, har na ji kunya. Ashe haka na ƙarshen daular suke. A zamanin Mitradates na biyu, wani sarkinsu na can baya, rubutun yana fita tsaf, sarki yana kiran kansa sarkin sarakuna, masoyin Girkawa, don sun gaji ƙasar daga hannun Selusawa, sarakuna masu jin Girkanci, magadan Iskandar Mai Girma. Da tafiya ta yi nisa, maƙeran Ekbatana, wato Hamadan ta yau, suka daina jin harshen, sai kwaikwayon siffar haruffa kawai. Na auna, ya kusa giram huɗu. Har na fara shi masa albarka, ina tuna cewa sunan dirhami ma daga darakma ɗin Girkawa ya samo asali.

Sai da dare na sake duba hoton tallan, raina ya sake ɓaci. A hoton, layin sama ya fito sarai, inda aka rubuta sunan sarkin da harshensu na Fartiya cikin haruffan Aramiyanci. Abin da ya sa na zaɓe shi ke nan, harsuna biyu a kan sule ɗaya. Nawa kuwa bugun ya karkace, layin ya faɗa waje, ƙafafun haruffa kaɗai suka saura. Da na yi magana sai ya ce hoton misali ne, yana da irinsa da yawa. To me ya hana ka faɗa tun farko? Sule irin wannan da guduma aka buga shi, babu biyu da suke daidai, shi ma ya sani.

Ya ce in mayar, kuɗin aikawa a kaina. Ban mayar ba. Yana cikin aljihun tebur, kuma ba zan ƙara saye a wajensa ba sai ya turo hoton wanda zai saka a ambulan, gaba da baya.