PlantNet ta hana ƙanena sare lambun mutane a Ingila

Cikin manhajojin gane tsirrai da na sauke a waya, PlantNet ce kaɗai ban goge ba. Wata da na fara gwadawa, hoton farko ta ce in biya kuɗin shekara da dala, na ce a kai kasuwa. Ita wannan kyauta ce. Cibiyoyin bincike na Faransa ne suka haɗa ta, irin su CIRAD da INRIA, kuma tun 2013 take a waya. Ka ba ta hoto, ka faɗa mata ganye ne, fure, 'ya'ya ko ɓawo, sai ta jero maka sunaye, kowanne da kashi cikin ɗari na tabbacinta da hotunan wasu mutane don ka kwatanta.

Da abin da na sani na fara jarraba ta a tsakar gidanmu a Malali. Zogale, lalle, darbejiyar ƙofar gida, har tumfafiyar da ta fito a bayan katanga, duk ta cafke su. Sunan kimiyya take fara kawowa, sai ka ga lallenka ya koma Lawsonia inermis.

Ainihin aikin daga Sheffield ya zo. Ƙanena yana karatu a can, ya kama gida mai ɗan lambu a baya, mai gidan kuma ya ce a riƙa gyarawa. A watan Janairu ya turo min hotuna ta WhatsApp. "Yaya, ke ce mai son shuke-shuke. Rabinsu sun mutu, zan sare in huta."

Masu ganye ba su ba mu wahala ba. Mai ganye mai sheƙi da ƙaya a gefe, ɗauke da jajayen 'ya'ya, ta ce Ilex aquifolium ne, wanda Turawa ke ado da shi lokacin Kirsimeti, kuma 'ya'yansa na ɓata ciki. Wanda ya tayar min da hankali shi ne shingen da ke kusa da ƙofar kicin, mai siraran ganye kore shar. Taxus baccata. Ganyensa da ƙwallon da ke cikin jan ɗansa guba ne mai taɓa zuciya, ga ƙanena da yarinya 'yar shekara 3 wadda komai ta tsinta sai baki. A daren na kira matarsa, ban jira shi ba.

Tsiraran kuwa, nan tabbacin ya faɗi warwas. Sanduna ne kawai, ba ganye ba fure, ta kawo sunaye barkatai, kuma ban ga laifinta ba tunda ba ta ɓoye cewa lalube take ba. A can sanyi ne ke sa itace zubar da ganye ya kwanta barci, kamar yadda kuka ke tuɓewa da rani a nan. Na ce ya kankare ɓawon da farce, in ya ga kore a ciki ya bar musu abinsu. Kore ya gani.

A Afrilu sandunan suka cika da furanni ruwan ɗorawa tun kafin ganye ya fito, nan take ta ce Forsythia. A jikin rassan bara take fure, don haka sai ta gama ake rage mata. Da ya sare a Janairu, shekarar ta wuce ba fure ko ɗaya. Ɗayan mai busassun kawuna launin ƙasa Hydrangea ce, sai da zafinsu ya shigo ta nuna kanta.

In za ku yi amfani da ita, ku zaɓi yankin da tsiron yake, na Turai daban, na Afirka ta Yamma daban. Ku haɗa hoton ganye da na fure na tsiro guda, ku sa farar takarda a baya kada ciyawa ta rikita ta. Abin da za a ci ko a jiƙa a sha kuwa, ko kashi 90 ta nuna min, sai na kai wa Hajiya ganyen ta murza ta sansana tukuna.