Madubin ɗakin gwaji ko kwamfuta: wanne ya fi nuna cikin ƙarfe?

Rodi, irin wanda aka san masana'antar murza ƙarfe ta Katsina da shi, ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna a cikinsa. Idan aka matse ƙarfen yana jawur, zafinsa ya haura digiri 1,000, sai ƙwayoyin su miƙe su baje, sababbi su tsiro a gurbinsu. Gwargwadon ƙanƙantarsu, gwargwadon ƙarfin rodin.

Tsohuwar hanyar ganin haka ita ce a yanko guntu, a goge shi har ya yi ƙyalli, a ɗiga masa asid, a leƙa ta madubin ƙara girma. Abin da ido ya gani gaskiya ne, sai dai ƙarshen al'amarin kawai ya tarar, bayan ƙarfen ya huce.

Kwamfuta kuwa tana lissafa canjin mataki-mataki. Ka sauya zafi ko saurin murzawa, ka sake gwadawa, ba asarar ƙarfe. Amma alƙaluman da take dogaro da su daga gwajin zahiri suke fitowa. In sun gurɓata, hoton zai fito tsaf alhali ba haka abin yake ba. Shi ya sa na fi son ɗalibin injiniya a Kwalejin Hassan Usman ya fara da madubin.