Jerba ko Zanzibar: amsa ga Alhaji

Alhaji, barka da war haka. Tsakanin tsibiran nan biyu da ka ambata don hutun iyali, wato Jerba ta Tunisiya da Zanzibar ta Tanzaniya, Jerba nake ba ka shawara ka zaɓa, kuma na taka ƙasar kowannensu.

A Jerba mun sauka a wani otal da ke gaɓar Sidi Mahrez, arewa maso gabashin tsibirin, inda farin rairayi ya miƙe kilomita da dama. Ruwan ba shi da zurfi daga baki, har ƙaramar ɗiyata, wadda ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Madarunfa girma ba, ta saki zanen uwarta ta shiga da ƙafarta, da magariba ta yi sai da lallashi ta fito. Uwargida kuwa kwanciyar hankali ta fi yabawa, domin Faransancin da muka koya a lakwal ya ishe mu ciniki a kasuwar Humt Suk, masallatai kuma ga su ko'ina, farare tas, suna cikin abin da ya sa UNESCO ta saka tsibirin cikin kayan tarihin duniya a 2023. Ku je tsakanin Yuni da Oktoba, don daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi yana hana shiga teku.

Zanzibar tana da kyau, ban musa ba, amma ni ban more kuɗina a can ba. Sawahili da Ingilishi ake yi, tun Oktoban 2024 baƙo baligi yana biyan inshorar dole ta dalar Amurka 44, kuma a gaɓar gabas, kamar Paje, teku kan janye nesa na sa'o'i ya bar mutum da ciyawar ruwa. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi.

Ka yi hattara da ƴan tsakiyar da ke turo hotunan gaɓa ta WhatsApp suna neman kafin alƙalami. Otal da yawa da suke cewa yana bakin teku a bayan titi yake, sai an yi tafiya mai nisa da yara cikin rana. Ka karɓi sunan otal ɗin, ka duba mazauninsa a taswira, ka kira su da kanka su tabbatar an kama maka ɗaki, kuma a rubuta ko kuɗin ya haɗa da abinci sau uku da motar ɗaukowa daga filin jirgi. Kada ka tura ko dala kafin wannan takarda ta shigo hannunka.